Takin Ruwa a Gonar Rairayin Bakin Teku: Yana Gyara Ƙasa Kuwa?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni mutumin Katsina ne, amma shekara shida ke nan ina noman lambu a wajen Badagry, jihar Legas, a wani fili da na karɓa haya, ba nisa da teku. Ina shuka alayyafo, latas, lalo, albasa mai lawashi da ɗan attarugu. Ƙasar rairayi ce zalla, fara tas. In na yi ban-ruwa da safe, kafin azahar ta bushe ƙayau. In na zuba yuriya sai ganye ya yi kore shar na kwana goma, ruwan sama ɗaya ya sauka, ya koma ruwan ɗorawa. Kuɗin takin zamani kuma ya fi ƙarfina yanzu. Maƙwabcina yana jiƙa kashin kaji a duro yana zuba wa shukarsa. Wani kuma ya kawo mana takin ruwa na kwalba, ya ce lita ɗaya ta isa hekta guda, har ma za ta gyara ƙasar. Gaskiya ne takin ruwa yana gyara rairayi? Yaya ake haɗa shi, kuma nawa ake zubawa?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a nema.

Maƙwabcinka yana kan hanya, mai kwalba kuwa ya ƙara gishiri a maganarsa, kuma ba kaɗan ba. Takin ruwa na gargajiya yana da amfani sosai a rairayi, watakila ma fiye da yadda yake da shi a ƙasar fadama. Amma aikinsa ciyar da shuka ne. Gyaran ƙasar kanta wani aiki ne daban, kuma ba a yin sa da abin da ake zubawa daga bokiti. Ka ɗauke shi kamar miya. Duk daɗin miya, sai an tuƙa tuwo.

Bari mu fara da ƙasar taka. Ƙwayar rairayi babba ce, daga kashi ɗaya cikin ashirin na milimita har zuwa milimita biyu, yayin da ƙwayar yumɓu ba ta kai kashi biyu cikin dubu na milimita ba. Tsakanin manyan ƙwayoyi akwai manyan kafofi, shi ya sa ruwa ke wucewa kamar an zuba a rariya. Ruwan da rairayi ke iya ajiye wa saiwa bai kai rabin wanda ƙasa mai laka-laka ke ajiyewa ba. Sannan akwai abin da ido ba ya gani: yumɓu da ruɓaɓɓen taki suna da wani irin maganaɗisu a jikinsu da ke kama sinadaran abincin shuka, su riƙe su har saiwa ta zo ta ɗauka. Rairayi kusan ba shi da wannan. A ma'aunin da muke amfani da shi a ɗakin gwaji, farin rairayi yakan tsaya tsakanin 1 da 5, ruɓaɓɓen taki da ya koma baƙar ƙasa kuwa yakan haura 100. To ka ga inda yuriyarka take tafiya. Ta narke, cikin 'yan kwanaki ta juye zuwa nau'in naitirojin da ba ya maƙalewa a komai, ruwa ya sauka ya tafi da ita ƙasa, inda saiwar latas ba za ta taɓa kaiwa ba.

Ka san jigawa tun a gida, ba baƙuwarka ba ce. Bambancin shi ne ruwan saman da Legas ke samu a shekara ya haura milimita 1,500, fiye da ninki biyu na abin da ake samu a Katsina, kuma mafi yawansa yana zuba ne tsakanin Afrilu da Yuli, sai ya ɗan tsagaita a Agusta ya dawo a Satumba da Oktoba. Abin da jigawar gida ke riƙewa wata guda, rairayin Badagry zai iya rasa shi a dare ɗaya na watan Yuni. Ga zafi da laima duk shekara, masu sa takin da ka zuba ya ruɓe ya ƙare da wuri.

Yanzu mu yi lissafin da mai kwalba bai yi muku ba. Fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, in ka haƙa zurfin santimita ashirin, rairayin da ke ciki ya kai kilo 300. Fangali mai murabba'in mita goma ke nan yana ɗauke da tan uku. Kafin ka ƙara wa wannan ƙasa ruɓaɓɓen taki da kashi ɗaya tak cikin ɗari, sai ka samar da kilo 30 na wanda ya riga ya gama ruɓewa, kuma wannan yana nufin ka zuba ɗanyen taki ninkin-ba-ninkin haka, tun da mafi yawansa iska yake bi wajen ruɓewa. Lita ɗaya ta takin ruwa kuwa, in ka busar da ita, abin da zai rage a gindin kwano ɗan kaɗan ne. Ta ina wannan ɗan kaɗan zai sauya halin tan uku?

Haka batun abincin shuka. Kayan ganye irin naka sukan buƙaci wajen kilo 100 na naitirojin a hekta, wato giram goma a kowane murabba'in mita. Ka ɗauki kwalbar ka duba jikinta. A ce an rubuta kashi uku cikin ɗari na naitirojin, wanda ma ya yi ƙoƙari ke nan. Lita ɗaya tana da kamar giram 30. Abincin murabba'in mita uku ke nan, hekta kuwa murabba'in mita dubu goma ce. Ban ce duk na kwalba ƙarya ba ne. Wasu suna ɗauke da ƙananan sinadarai irin su zinki da boron waɗanda rairayi ke yawan rasawa, wasu an yi su da ciyawar teku, kuma suna ɗan taimaka wa dashe ya kama. A matsayin ƙari suna da wurinsu. Amma in kwalba ba ta da rubutun abin da ke cikinta da adadinsa, bar ta a hannun mai ita. Tun 2019 akwai dokar kula da ingancin taki a Nijeriya, kuma ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana abin da ke cikin kayansa.

To me ya sa duk da haka na ce takin ruwa ya dace da rairayi? Saboda ƙasar da ba ta ajiya, sai a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Yadda ake ciyar da jinjiri ke nan: ba a ɗura masa abincin mako a zama ɗaya. Takin ruwa ya riga ya narke, saiwa za ta sha shi a ranar, kuma in ruwan sama ya wanke na yau, asarar kwana uku ka yi, ba ta wata guda ba. Ko da yuriyar ce, da za ka narkar da cokali ɗaya a bokitin ban-ruwa ka riƙa bayarwa duk mako maimakon watsa ta gaba ɗaya, da ka ga bambanci a aljihunka.

Amma tuwon tukuna. Kada ka ce za ka gyara dukan filin, fangulan da kake shukawa kaɗai za ka bi, kuma kada ka riƙa sauya musu wuri, domin abin da ka zuba bana ya tarar da na bara. Kafin kowane dashe ka juya kilo uku zuwa biyar na ruɓaɓɓen taki a kowane murabba'in mita, a saman ƙasa kamar zurfin tafin hannu, kada ka binne shi can ƙasa. Kashin shanu daga mayanka ko kasuwar dabbobi, kashin kaji mai garin katako daga gidajen kaji, duk suna yi, muddin an tara su an jiƙa an bar su sun huce wata biyu ko uku. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona dashe, garin katakon da bai ruɓe ba kuma yana ƙwace naitirojin daga bakin shuka.

In za ka iya samun yumɓu ko ƙasar shuri, ko lakar gefen rafi da ba ta da gishiri, ka busar ka farfasa ka gauraya. Bokiti ɗaya ko biyu a murabba'in mita yana sauya fangali, kuma shi ba ya ruɓewa, sau ɗaya ake wahalarsa. Garin gawayi ma haka, ko ɓuntun shinkafa da aka ƙona rabi bai zama toka ba. Gawayi cike yake da ƙananan kafofi masu riƙe ruwa da abinci, kuma yana shekaru a ƙasa. Sai dai kada ka zuba shi a bushe. Ka jiƙa shi cikin takin ruwa mako guda ko biyu ya sha ya ƙoshi, in ba haka ba zai fara da tsotse abincin da ke fangalin. A nan ne ma kaɗai zan yarda cewa takin ruwa ya shiga aikin gyaran ƙasa: in an ba shi gidan da zai zauna.

Sai lulluɓe fuskar fangali. Kana garin kwakwa, Badagry ce cibiyarta a ƙasar nan, kuma ɓawonta yana zube ko'ina. A daddatsa shi, a jiƙa a ruwa mai daɗi kwana biyu ko uku a zubar da ruwan saboda gishiri, a shimfiɗa tsakanin shuke-shuke. Busasshiyar ciyawa ma ta yi. Farin rairayi da rana tsaka yana zafin da ba a iya taka shi ba takalmi, to ka tuna saiwar latas a nan saman take. Kuma rairayin da ya bushe ƙayau yakan ƙi shan ruwa, ka zuba ya gangare gefe, ka tona ka tarar da ciki a bushe. Lulluɓi yana maganin duka biyun.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Manoman Anloga da Keta a Ghana sun daɗe suna noman ƙananan albasa a wani siririn tudun rairayi tsakanin tafki da teku, kuma da kashin shanu da na kaji da na jemage da ƙananan kifi suka riƙe ƙasar, kowane zagaye sai sun sake zubawa. A kudancin tsibirin Java na Indonesiya, wajen Kulon Progo da Bantul, ana noman barkono da kankana da albasa a rairayin bakin teku, su ma da takin dabbobi da yumɓu da jeren itatuwa masu tare iska. Duk inda aka ci nasara a irin wannan ƙasa, za ka tarar an yi dakon kaya masu nauyi. In ka samu hali ka leƙa masu lambun Seme da Kwatano, nan kusa da kai ne, gani ya kori ji.

Yanzu haɗin. Ka nemi duron roba mai cin lita 200, wanda ba a taɓa zuba maganin feshi ko man inji a ciki ba. Na ƙarfe yana tsatsa.

Na kashin dabbobi shi ne mafi sauƙi. Ka zuba kilo 15 zuwa 20 na busasshen kashin kaji, ko kilo 30 zuwa 40 na kashin shanu, a buhun da ruwa ke ratsawa, ka ɗaure bakinsa, ka rataye shi a sanda cikin duron, ka cika da ruwa. A rufe da buhu ko murfi sako-sako, a ajiye a inuwa. Kullum ko bayan kwana biyu ka ɗaga buhun ka nutsar sau da yawa, ka juya ruwan. Mako biyu zuwa uku ya isa. Za ka ga kumfa ta kwanta, ruwan ya yi duhu, kaifin warin ya ragu. Abin da ya saura a buhu kada ka zubar, tarin taki za ka kai shi. Ka kuma san cewa na kaji ya fi na shanu ƙarfi nesa ba kusa ba. Busasshen kashin kaji yakan ɗauki kashi biyu zuwa huɗu cikin ɗari na naitirojin, ɗanyen kashin shanu kuwa wajen rabin kashi ɗaya ne. Duro guda na kashin shanu abincin fangali ƙalilan ne, kada ka ɗora masa buri.

Na ganye ya fi kwanta mini a rai ga mai kayan ganye, zan kuma faɗi dalili nan gaba. A gefen titunan ƙasar Yarbawa akwai wata doguwar ciyawa mai babban fure ruwan ɗorawa, suna kiranta sepeleba, masana kuma Tithonia. Mutane na ganinta a matsayin annoba, alhali busasshen ganyenta yana da naitirojin wajen kashi uku da rabi cikin ɗari, da fotash wajen kashi huɗu, kuma yana ruɓewa da sauri. A yanko ɗanyen ganye da lausasan rassa kafin ta yi iri, a daddatsa, a cika rabin duro ko fiye, a danne da dutse, a cika da ruwa. Kwana goma zuwa sha huɗu ya nuna. Kana iya haɗawa da ganyen zogale, da na darbejiya, da ɓawon ayaba da na agada saboda fotash, wanda attarugu ke nema lokacin fure. Warinsa ba daɗi, ka nisanta shi da ɗakin kwana.

Akwai kuma kainuwar nan mai shuɗin fure da ke toshe wa masu kwale-kwale hanya. Ta rafin Badagry ɗin nan ta fara shigowa Nijeriya a 1984, daga wajen Jamhuriyar Benin. Tana da fotash, kuma kyauta ce. Amma tana tsotse gubar ƙarafa daga ruwa mai dauɗa, don haka kada ka ɗebo ta inda kwatar masana'anta ko ta gareji ke zuba. Ni na fi son a sa ta a tarin taki a kan a jiƙa ta, domin kusan duk jikinta ruwa ne.

Na uku shi ne wanda zaman bakin teku ya ba ka, mu na tudu ba mu da shi: tarkacen kifi. Kai, hanji, ƙaya, duk abin da masu gyaran kifi ke zubarwa, in dai ba a sa masa gishiri ba. A daddatsa, a auna kilo ɗaya na kifi da kilo ɗaya na mazarƙwaila ko baƙin sukari, a jera su hawa-hawa a bokiti mai murfi, sukari a sama, a bar sarari domin yana kumbura. Ba a zuba ruwa. A rufe yadda ƙuda ba zai shiga ba amma iska na iya fita. Bayan wata ɗaya zuwa biyu zai narke ya zama ruwa mai kauri, mai ƙamshin tsami-tsami, ba warin mushe ba. In ya yi warin mushe, sukarin ya yi kaɗan. Wannan mai ƙarfi ne ƙwarai: cokali ɗaya ko biyu na cin abinci a bokitin lita goma. Yana da naitirojin da fosfaras, kuma yana ajiyuwa watanni.

Wani zai ce maka ka zuba toka a duron kashin kaji don ƙarin ƙarfi. Kada ka yi. Toka tana sa naitirojin ya tashi ya bi iska, warin nan mai hawa ka da kake ji shi ne takinka yake gudu. In za ka sa toka, ka barbaɗa ta daban, kaɗan, kuma bayan an auna tsamin ƙasar, domin rairayin da ke da ɓaraguzan ƙwanson dodon-koɗi ba ya buƙatarta.

Tun da ana maganar takin ruwa, sunan ma yana da tarihi a ƙasar Hausa. A yankin Agiye na jihar Maraɗi, wajen 2009, an yi wani shiri na tara fitsarin mutane a jarkoki, a rufe ya daɗe, a zuba wa gero da kayan lambu, kuma sunan da aka raɗa masa ke nan, Takin Ruwa. Ta fuskar sinadari yana da ƙarfi, lita ɗaya takan ɗauki giram uku zuwa bakwai na naitirojin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ajiye shi wata shida a rufe in za a sa wa abin da ake ci ɗanye, a kuma bar wata guda tsakanin zubi na ƙarshe da girbi. Batun najasa na malamai ne, ba nawa ba. A gonarka dai ba zan ba ka shawararsa ba: yana da gishiri, kai kuma kana fama da gishiri, sannan masu sayen latas a Legas in suka ji, kasuwarka ta mutu. Fitsarin shanu ko na zomo, in kana samu, sai a sirka kashi ɗaya da ruwa kashi goma.

Wajen zubawa ne aka fi yin ɓarna. Kullum a sirka. Na kashin kaji, kofi ɗaya da ruwa kofi goma. Na kashin shanu da na ganye, ɗaya da uku zuwa biyar. Launinsa ya zama kamar shayin da bai ji ganye ba. Kada ka zuba a busasshiyar ƙasa, ka fara yin ban-ruwa, sannan ka bi da takin a gindin shuka, da sassafe ko da yamma. Bokitin lita goma ya isa murabba'in mita uku zuwa biyar. Ka fara bayan dashe ya kama, kamar kwana bakwai zuwa goma, ka riƙa yi sau biyu a mako. Da damina kada ka zuba in hadari ya haɗu, ka jira ruwan ya ɗauke ka bayar washegari, lokacin da shukar ke jin yunwa. In gefen ganye ya fara ƙonewa kamar an hura masa wuta, ya yi ƙarfi, ƙara ruwa. In tsofaffin ganyen ƙasa suna komawa ruwan ɗorawa, bai isa ba, ƙara yawan zubi, kada ka ƙara kauri.

Na taɓa ganin fangulan tumatir da aka ƙona ƙurmus cikin kwana biyu, don mai su ya ga sirkakken ya yi aiki, ya ce to bari ya ba su tsantsa su ƙara sauri.

Ga dalilin da ya sa na fifita na ganye da na kifi. Jiƙa kashin dabba a ruwa mako biyu ba ya kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinsa, irin masu sa gudawa da amai. Latas ɗanye ake ci, lawashi ma sau da yawa haka. A Amurka, ƙa'idar masu noma ba da takin zamani ba ita ce a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen kashin dabba da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Latas kuwa ba ya wuce wata ɗaya da rabi bayan dashe. Ka ga babu wurin wannan jira. Saboda haka ruwan kashin kaji ka bar wa attarugu da kuɓewa da tumatir, a gindi, ba a kan ganye ko 'ya'ya ba, kuma a farkon rayuwarsu. Alayyafo da lalo da ake dafawa suna da ɗan sauƙi, amma su ma a gindi, kuma a tsaya mako biyu kafin yanka. Latas kuwa ruɓaɓɓen taki kafin dashe, sannan na ganye ko na kifi. Kai ma ka riƙa wanke hannu da sabulu bayan ka taɓa duron, kada ka shiga da ciwo a hannu. Feshi a ganye ba laifi da na kifi ko na ganye in an tace da ƙyalle an ƙara sirkawa, amma abin da ganye ke sha kaɗan ne, bakin shuka yana ƙasa.

Saura gishiri, wanda ba ka tambaya ba amma ina zargin yana cikin matsalarka. A bakin teku ruwa mai daɗi yana kwance ne a kan ruwan gishiri, kamar mai a kan miya, domin ya fi shi rashin nauyi. In aka matsa wa rijiya da injin ja, musamman daga Disamba zuwa Maris, na gishirin sai ya taso. Akwai ɗan ma'auni kamar biro da masu kiwon kifi da masu ruwan leda ke amfani da shi, ana tsoma shi a ruwa ya nuna lambar yawan gishirin da ke ciki. A ƙa'idar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙasa da 450 ruwa ne mai kyau, daga 450 zuwa 2,000 sai da lura, sama da 2,000 kuwa matsala ce babba. Ruwan teku wajen 35,000 yake. Albasa da latas da karas da barkono su ne ragwaye wajen jure gishiri, tumatir da kokwamba sun fi su dama-dama. Takin ruwa kansa gishiri ne a wajen saiwa, musamman na kashin kaji, to in rijiyarka ta riga ta kai 1,000 ka ɗora mata mai kauri, ka haɗa wa shukar zafi biyu. Da wannan ma'aunin za ka iya auna haɗin naka ma. Ga kayan ganye ni ba na son ya wuce 1,200 bayan an sirka. Daɗin abin shi ne rairayi yana saurin wankuwa, ban-ruwa ɗaya mai yawa da ruwa mai daɗi yana kora gishirin ƙasa. Iskar teku ma tana ɗauke da gishiri tana watsa wa ganye, don haka ka kafa shinge da ganyen kwakwa ta ɓangaren da take kaɗowa.

Rijiyar nan kuma, in daga ita kuke sha, ka nisanta duro da tarin taki daga bakinta. Abin da ya tsere wa saiwa a rairayi cikinta yake ƙarewa, kuma ruwa mai yawan naitirojin yana da haɗari ga jarirai.

Wani abu da ke rikita masu lambu a rairayi: shuka ta ƙi girma, ta yi yaushi da rana ko da ƙasa na da laima, a yi ta ƙara taki ba canji. Tuge ɗaya ka duba saiwar. In ka ga ƙulle-ƙulle kamar carbi, tsutsar saiwa ce, wadda ido ba ya gani, kuma rairayi ne gidanta. Lalo da latas da tumatir da kuɓewa duk tana cin su. Babu takin ruwan da zai yi maganinta. Sai a juya shuka da masara ko albasa, a zuba tunkuzar darbejiya ko dakakken 'ya'yanta a ƙasa mako biyu kafin dashe, a kuma ci gaba da ƙara ruɓaɓɓen taki, wanda ke rage mata ƙarfi.

Game da takin zamani, ban ce ka yi sallama da shi ba. In fangali ya samu ruɓaɓɓen taki da lulluɓi, ɗan kamfa a gindin attarugu ko cokalin yuriya a bokiti zai yi aikin da ninkinsa bai yi maka a da ba. Kuma tun da filin haya ne, kafin ka yi dakon yumɓu da gawayi ka zauna da mai shi ku yi magana ta shekaru, a gaban shaidu, kada ka gyara ƙasa wani ya gaje ta.

Ka ware fangali huɗu masu girma ɗaya, ka dasa alayyafo rana ɗaya. Na farko ka bar shi yadda ka saba. Na biyu ka ba shi takin ruwa kaɗai. Na uku ruɓaɓɓen taki da lulluɓi, ba takin ruwa. Na huɗu ka haɗa masa duka. In kana so ka ƙara na biyar da kwalbar mutumin nan, a bisa adadin da ya faɗa. Ka ƙirga bokitin ruwan da kowanne ya sha, ranar yanka kuma ka ɗora a sikeli ko ka ƙirga dami, ka rubuta. Ka auna ruwan rijiyarka sau biyu, a Fabrairu da kuma a Yuli, ka aiko mini da lambobin tare da na fangulan, sai mu san ko kaurin haɗin za mu gyara ko kuwa irin abin da kake shukawa da rani.